Buhun gero ya nuna kilo 100 a sikeli, amma malam ya ce yiwuwar hakan sifili ce

Wa alaikumus salam ƙanwata, ya gida, ya mutanen Gumel, ya kuma fama da karatu. Na ga saƙonki. Kince abu biyu ne suka tsaya miki a kwas ɗin sitatistiks da kuke yi a kwaleji. Na farko yadda zaki bambance randam bariyabul ɗin da ake ce wa diskirit da wanda ake ce wa kontinuwos in an kawo su a jarabawa. Na biyu kuma maganar da malaminku ya yi cewa a kontinuwos yiwuwar X ya zama wata lamba guda cif-cif sifili ce, ke kuma da idonki kinga an ɗora buhun gero a sikeli a kasuwar Maigatari ya nuna 100 ba ƙari ba ragi, to ta ina abinda ya faru a gabanki zai zama sifili. Malaminku gaskiya ya faɗa, ke ma ba gizo idonki ya yi miki ba. Amma sai mun bi ta tambayar farko kafin ta biyun ta warware.

Randam bariyabul dai ba komai bane illa lambar da bamu santa ba tukuna sai abin ya faru. Akuyar Inna tana da ciki, 'ya'ya nawa zata haifa? Wannan lambar da muke jira ita ce X babba. Ranar da ta haihu aka ga biyu, to an samu x ƙarama, x = 2, magana ta ƙare. Kuma tunda wasu ɗalibai suna jin wani iri da wannan, in ance abu randam ne ba ana nufin ba a ƙaddara shi bane, Allah ya san ko nawa ne a cikin akuyar, mu ne bamu sani ba, jahilcinmu muke yi wa lissafi.

Yanzu bambancin. Ki tambayi kanki, lambar nan ƙirga ta ake yi ko auna ta ake yi? 'Ya'yan akuya ƙirgawa ake, ɗaya, biyu, uku, tsakanin ɗaya da biyu ba komai sai tsalle, wannan shi ne diskirit. Nauyin buhu aunawa ake, kuma duk wasu lambobi biyu da kika kawo, komai kusancinsu, akwai wata a tsakaninsu: tsakanin 99.9 da 100 akwai 99.95, tsakanin 99.95 da 100 akwai 99.97, haka zaki ta tafiya har ki gaji baki ƙure ba. Wannan shi ne kontinuwos. Tsayi, nauyi, lokaci, zafin jiki, zurfin rijiya duk nan suke.

Akwai kuskure biyu da nake yawan gani a takardun yara. Wasu sun haddace cewa in lamba tana da ɗigo to kontinuwos ce. A'a. Lambar takalmi akwai 7, akwai 7.5, akwai 8, amma babu 7.63, don haka diskirit ce duk da ɗigon. Wasu kuma sun ɗauka diskirit dole yana da iyaka. Shi ma a'a. In kina ludo kina jiran shida ta fito, jifa nawa zaki yi kafin ta zo? Zai iya zama ɗaya, zai iya zama goma, ba wata lambar da zaki ce daga nan ba a wucewa, amma dai ƙirgawa ake yi, to diskirit ne.

In X diskirit ne aikin da sauƙi, sai ki jera duk abinda zai iya zama, kowanne ki bashi rabonsa na yiwuwa, jadawalin nan shi ne ake ce wa distiribushan, wato rabon yiwuwa. Bari in ƙirƙiro lambobi don misali kawai: a ce a garken wani mutum rabin haihuwa ɗa ɗaya ne, 0.5, biyu kuma 0.4, uku 0.1. Sharaɗi biyu ne kawai, kada wata ta zama ƙasa da sifili, kuma in an tara su su bada 1 daidai. Duk tambayar da kika gani ance nemo k, wato lambar da aka ɓoye a jadawalin, wannan sharaɗin na biyu ake so ki yi aiki dashi, ki tara ki daidaita da 1 shikenan. Matsakaici kuma ki ninka kowace lamba da yiwuwarta ki tara: 1 × 0.5 da 2 × 0.4 da 3 × 0.1, ya bada 1.6. Ba akuyar da ta taɓa haifar ɗa 1.6, kuma kada ki mayar dashi 2 a takardar amsa, za a cire miki maki. Ma'anarsa in aka yi haihuwa ɗari a garken nan ana sa ran 'ya'ya wajen 160. Baryans kuma, wanda ke nuna yadda lambobin suke watsuwa daga matsakaici, ki ninka kowace x da kanta tukuna sannan da yiwuwarta, 0.5 da 1.6 da 0.9 sun bada 3.0, ki cire 1.6 × 1.6 wato 2.56, saura 0.44.

Cikin na diskirit guda biyu ne zasu bi ki har ki gama, bayinomiyal da na Poisson.

Bayinomiyal ki tuna gwajin iri da malaman gona suke koyar da manoma kafin shuka, a ɗebi ƙwayoyi a nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma a jira kwanaki a ƙirga waɗanda suka tsiro. A ce irin wake ne wanda kowace ƙwaya yiwuwar tsirowarta 0.8 ce, kin saka goma. X shi ne adadin da suka tsiro, daga 0 zuwa 10. Yiwuwar takwas su tsiro ita ce 45 × 0.8^8 × 0.2^2, kusan 0.30. Wannan 45 ɗin ba daga sama ta faɗo ba, ita ce yawan hanyoyin da za a zaɓi biyun da suka ƙi tsirowa daga cikin goman. Ki lura da abin mamaki anan, iri ne mai kashi 80 cikin ɗari amma samun takwas cif cikin goma bai kai sau ɗaya cikin uku ba. Duka goma su tsiro kusan 0.11 ne, shida ko ƙasa da haka kusan 0.12. Wato mutum zai iya gwada lafiyayyen iri da ƙwaya goma ya ga shida ya tafi yana zagin mai shago alhali irin ba abinda ya same shi, shi yasa ake cewa a gwada da ƙwaya ɗari. In n adadin ƙwayoyin ne, 10, p yiwuwar tsirowa, 0.8, q yiwuwar ƙin tsirowa, 0.2, to matsakaicin X n × p ne, 8, baryans n × p × q, 1.6. Wanda ya shimfiɗa tushen wannan lissafin shi ne Jacob Bernoulli mutumin Basel a Siwizalan, aikin nasa ya fito a 1713 bayan rasuwarsa da shekara takwas.

Da shi zaki gane hikimar zuba ƙwaya uku a rami ɗaya. In yiwuwar kowace ƙwaya ta ƙi fitowa 0.2 ce, duka ukun su ƙi 0.2 × 0.2 × 0.2 ne, 0.008, rami takwas cikin dubu. In iri ya tsufa ya koma rabi da rabi sai ya zama 0.125, rami 125 cikin dubu. Sai dai duk wanda ya taɓa noma ya san giɓin da ake samu a gona ya fi haka, kuma dalilin yana cikin sharuɗɗan bayinomiyal ɗin da ɗalibai suke haddacewa basa tunani a kai. Lissafin ya ɗauka cewa abinda ya samu ƙwaya ɗaya bai shafi 'yar'uwarta ba. To in kurege ko zabbi suka tone ramin ai duka ukun zasu tafi tare, in ruwa ya ɗauke sati biyu bayan shuka gonar gaba ɗaya ce zata ji a jikinta. Da zarar wannan sharaɗin ya karye fomular zata baki amsa mai kyau a takarda wadda bata da alaƙa da gona. Ni a ganina ɗalibin da ya iya gane inda bayinomiyal bata shiga ya fi wanda ya iya danna kalkuleta.

Na Poisson kuma na abinda ake ƙirgawa ne a cikin wani lokaci ko wani fili, ba tare da an san adadin gwaji ba. Misali a ce ƙaramin asibitin ƙauye yana karɓar haihuwa biyu a dare in an daidaita. Yiwuwar dare ya wuce ba ko ɗaya kusan 0.135, ɗaya 0.271, biyu 0.271, uku 0.180, huɗu 0.090, biyar ko sama da haka kusan 0.053, wato kamar dare ɗaya cikin ashirin. Mai tsara aikin ungozoma in ya tsaya a kan matsakaici kawai to wannan daren zai same shi ba shiri. Sunan na wani Bafaranshe ne Siméon Denis Poisson da ya rubuta shi a 1837, amma misalin da ya sa aka san shi na dawakai ne. A 1898 wani masani Bortkiewicz ya duba sojojin Purushiya, a Jamus ta wancan lokacin, da doki ya harba suka mutu daga 1875 zuwa 1894. In aka ɗauki runduna goma a shekara ashirin an samu rahoto 200: guda 109 ba wanda ya mutu, 65 mutum ɗaya, 22 mutum biyu, 3 mutum uku, 1 mutum huɗu. Matsakaici 0.61. Da aka saka 0.61 a fomular Poisson sai ta bada kusan 109, 66, 20, 4 da 1. Kinga yadda suka yi kusa. Alamar Poisson da zaki riƙe ita ce matsakaicinsa da baryans ɗinsa abu ɗaya ne.

To yanzu buhunki na Maigatari.

Sikelin nan da kika gani iyakar ganinsa ke nan. In mai nuna kilo-kilo ne, duk buhun da ke tsakanin 99.5 da 100.5 zai ce masa 100. In kika kawo na lantarki mai ɗigo ɗaya zai iya cewa 100.2, shi ma yana nufin tsakanin 100.15 da 100.25. Ki kawo wanda ya fi shi, lambobi zasu ƙaru a bayan ɗigo amma har kullum tazara yake baki, sai dai ta ƙara matsewa. Abinda ya faru a gabanki shi ne nauyin ya faɗa cikin tazarar 99.5 zuwa 100.5, kuma wannan yiwuwarsa ba sifili bace ko kaɗan. Shi kuma malaminku yana magana ne kan 100.000000 da sifili har abada, ba ƙwayar gero ɗaya ƙari, ba ƙura, ba laima. Kina matse tazarar yiwuwar tana raguwa, in faɗin tazarar ya koma sifili ita ma ta koma sifili.

Ki kalli yadda ake kai taki gona da bazara. Ana sauke shi tsibi-tsibi, a lokacin zaki iya nuna wuri guda kice nan akwai mangala ɗaya, can akwai biyu, tsakaninsu kuma ƙasa ce zalla. Haka yiwuwa take a diskirit, tana zaune a kan lambobi tsibi-tsibi. Da aka zo aka baza takin, yawansa bai canza ba, amma in kika caka tsinken allura a ƙasa kika ce taki nawa ne a wannan ɗigon, amsar babu ce, sai kin zana fili, ko da taku ɗaya ne, sannan a iya cewa ga abinda ke ciki. Wani gefen ya yi kauri wani ya yi shara-shara. Haka take a kontinuwos, layin da ake zana muku a giraf kaurin bazawar yake nunawa, yiwuwa kuma ita ce faɗin filin da ke ƙarƙashin layin tsakanin lamba kaza da kaza, filin duka kuma 1 ne.

Daga nan abubuwa biyu suke fitowa. Na ɗaya, a kontinuwos ba bambanci tsakanin X ƙasa da 100 da X ƙasa da ko daidai da 100, amsarsu ɗaya, tunda ɗigon bai ɗauki komai ba. A diskirit kuwa wannan 'yar alamar ta daidai ita ce maki ɗinki gaba ɗaya: a gwajin waken nan, ƙasa da takwas da takwas ko ƙasa akwai 0.30 a tsakaninsu. Ki dinga karanta tambaya a hankali, aƙalla uku yana nufin har da ukun, fiye da uku kuma daga huɗu ne.

Na biyu shi ne wanda ko wasu masu koyarwa suke zamewa a kai, tsayin layin nan f(x) ba yiwuwa bane, har yana iya wuce 1. Ki ɗauka akwai motar da ke wucewa ta bakin titin garinku duk bayan minti talatin ba fashi (na san ba haka motocinmu suke ba, sai ta cika take tashi, amma ki bar ni da misalina), ke kuma kin fito ba tare da duba agogo ba. Jiranki zai iya zama komai daga 0 zuwa minti 30, ba inda ya fi wani, wannan shi ake ce wa yunifom, giraf ɗinsa shimfiɗaɗɗe ne mai tsayin 1/30. Yiwuwar jiranki ya zama ƙasa da minti 10 ita ce 10 × 1/30, ɗaya bisa uku. Yanzu ki auna jiran da awa maimakon minti, daga 0 zuwa 0.5, dole tsayin ya koma 2 don 0.5 × 2 ya bada 1. Mota ɗaya, jira ɗaya, tsayi ya tashi daga 1/30 zuwa 2 don kawai mun canza ma'auni, da tsayin yiwuwa ne da hakan bazai yiwu ba. Filin kuwa bai motsa ba. Duk inda a diskirit kika tara, a kontinuwos intigireshan zaki yi, wato lissafin faɗin filin da ke ƙarƙashin layin, aiki ɗaya ne.

Babban cikin na kontinuwos shi ne nomal, mai tudu a tsakiya yana gangarewa dama da hagu daidai wa daida. Lambobi biyu ne suke riƙe dashi, matsakaici da sigma, sigma kuwa ita ce sukwaya rut ɗin baryans. Kusan kashi 68 cikin ɗari suna cikin sigma ɗaya daga tsakiya, kusan 95 cikin sigma biyu, 99.7 cikin uku. A ce buhunan wani dillali matsakaicinsu kilo 100 ne sigma kilo 2, kuma nauyin yana bin nomal. To kusan biyu cikin uku suna tsakanin 98 da 102. Yiwuwar buhu ya gaza 97: ki cire 100 daga 97 ki raba da 2, abinda ya fito shi ake ce wa z, z = -1.5, teburin z ya bada 0.0668, wato kusan buhu bakwai cikin ɗari. Shi kuma buhunki, daga 99.5 zuwa 100.5, z daga -0.25 zuwa 0.25, yiwuwar kusan 0.20. Kinga buhu ɗaya cikin biyar sikelin zai ce masa 100, ina sifili anan. Ana yawan jingina nomal ga Gauss Bajamushe saboda aikinsa na 1809 kan kurakuran awon taurari, amma Abraham de Moivre ya riga shi tun 1733, kuma abin sha'awa shi yana neman hanyar sauƙaƙa lissafin bayinomiyal ne mai gwaji da yawa, wato daga diskirit aka shigo. In aka jefa kwabo sau ɗari, yiwuwar fuska ɗaya ta fito sau hamsin cif 0.0796 ce. In zaki yi da nomal sai ki ba wa 50 ɗin fili daga 49.5 zuwa 50.5, sigma 5, ki samu 0.0797. Wannan rabin da ake ƙarawa ana ragewa, wanda yara suke haddacewa basu san dalili ba, abinda sikelin Maigatari yake yi ne aka juya shi.

Kada dai ki ɗauka komai nomal ne. Yawan shanun da magidanta suke dasu a ƙauye baya bin sa, da yawa basu da ko ɗaya, wasu biyu na huɗa, mutum ɗaya ko biyu kuma suna da garke, in kika ɗauki matsakaici zaki ba kowa shanun da bai taɓa gani ba. Sannan a aikin gaske iyakar tana ɗan gauraya. Kuɗi ƙirga su ake yi amma in ana maganar dubunnan naira ana ɗaukarsu kamar kontinuwos don sauƙi. Shekarun mutum lokaci ne, amma a fom ana rubuta 19 ko 20. Ruwan sama na rana guda kuma ya fi su duka rikici, ko a tsakiyar damina akwai ranakun da ba ko ɗigo, don haka yiwuwar sifili cif ba sifili bace, tsibi ne guda zaune a kan 0, sauran kuma a baje a kan milimita. Irin wannan ana ce masa gauraye, ba za a tambaye ku shi a matakin da kuke ba, amma masu aikin hasashen yanayi irin na NiMet da shi suke fama, sukan raba shi biyu, za a yi ruwan ko ba za a yi ba, in an yi kuma nawa ne.

Abu ɗaya ki duba kafin ranar jarabawa, teburin z kala biyu ne. Wani yana bada fili tun daga can ƙarshen hagu har zuwa z, wani kuma daga tsakiya kawai zuwa z. Ki buɗe naki ki duba z = 1.00, in kika ga 0.8413 na farkon ne, in kika ga 0.3413 na biyun ne, sai ki dinga ƙara ko cire 0.5 yadda tambaya ta nema. Kuma ki zana tudun ki shafe wurin da ake tambaya kafin ki taɓa tebur. Ki gwada wannan da buhunan dillalin nan, yiwuwar buhu ya wuce kilo 103, da kuma yiwuwar ya faɗa tsakanin 98 da 103, ki turo min har da zanen in duba. Ki gaida su Inna.